Tsayuwa a teburin aiki: me take yi wa ƙafa?

Tun daga wajen shekarar 2010, teburin da ake aiki a kansa a tsaye ya fara samun karɓuwa a ofisoshin Amurka da Turai, bayan da bincike ya yi ta nuna alaƙar yawan zama da ƙiba da ciwon suga da cututtukan zuciya.

A 2015, wasu masana da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta wancan lokaci ta ɗora wa aikin nazarin batun, sun shawarci ma'aikatan ofis da su riƙa shafe sa'o'i 2 a kullum a tsaye ko suna ɗan zirga-zirga, sannan a hankali su kai sa'o'i 4. Sai dai mutane da yawa rabin shawarar suka ɗauka, suka riƙe tsayuwar suka bar zirga-zirgar.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafa

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma mayar da shi sama galibi aikin tsokar sha-raɓa ne. Duk takun da mutum ya yi, tsokar kan matse jijiyoyin da ke cikinta ta ingiza jinin, yayin da wasu ƙananan marafai da ke cikin jijiyoyin ke hana shi gangarowa. Wannan ne ya sa likitoci ke yi mata laƙabi da zuciya ta biyu.

Idan mutum ya tsaya cik, tsokar ba ta yin wannan aiki. Ƙarfin matsin jini a jijiyoyin idon sawu kan kai kusan 90 a ma'aunin likitoci, alhali da zarar an fara tafiya yakan sauko ƙasa da 30. Ruwa kan tsattsafo daga jijiyoyin ya taru a nama, shi ya sa takalmin da ya yi daidai da safe yake matse ƙafa da yamma.

Idan aka ɗauki shekaru a haka, jijiyoyin kan buɗe, marafan su daina rufewa sosai, har jijiyoyin su fito ruɗu-ruɗu a murɗe a bayan ƙafa. A wasu mutanen fatar idon sawu kan yi duhu, daga bisani ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Gado da ƙiba da juna biyu da yawan shekaru duk suna ƙara haɗarin.

Tafin ƙafa ma na ɗanɗana kuɗarsa. Akwai wata jijiya mai kauri da ta tashi daga diddige zuwa yatsu, wadda doguwar tsayuwa a kan siminti ko tayil ke gajiyarwa. Alamarta ita ce zafi mai suka a diddige a takun farko bayan tashi daga barci.

Ba sabon abu ba ne

Tun a 1700, likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta cewa masu sana'ar tsaye sun fi fama da kumburin jijiyoyin ƙafa. Binciken zamani bai ƙaryata shi ba.

A 2017, wata cibiyar nazarin lafiyar ma'aikata da ke Toronto ta wallafa sakamakon bin diddigin ma'aikata kimanin 7,300 a lardin Ontario na Kanada har tsawon shekaru 12. Ta gano cewa haɗarin ciwon zuciya ga masu yini a tsaye ya ninka na masu aikin zaune.

A 2024 kuma, masana a Jami'ar Sydney ta Ostireliya sun yi nazarin bayanan mutane fiye da 83,000 a Birtaniya. Sun ce tsayuwa ba ta rage haɗarin ciwon zuciya ba, kuma bayan sa'o'i 2 a rana, kowane ƙarin minti 30 na ƙara haɗarin matsalolin gudanar jini a ƙafa da kashi 11 cikin 100. Zaman da ya wuce sa'o'i 10 shi ma bai tsira ba.

Matakan kariya

Masana na ba da shawarar sauya yanayi kusan kowane rabin sa'a: a zauna, a tashi, a ɗan taka. Wanda ba shi da halin barin wurin aikinsa na iya ɗaga diddige yana saukewa, ko ya riƙa ɗora ƙafa ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan matashi. Takalmi mai faɗin baki, da shimfiɗa mai laushi, da safa ta musamman mai matse ƙafa na taimakawa, amma mai ciwon suga ya nemi shawarar likita kafin ya sa safar. Kumburin ƙafa ɗaya tare da zafi kuwa na iya zama daskarewar jini, kuma yana bukatar asibiti nan take.

Ma'aikacin ofis dai yana da zaɓi, saɓanin ma'aikatan kantuna da masana'antu da ake hana su zama. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1964 ta bukaci a samar da kujeru a shaguna da ofisoshi. Jihar Kerala ta Indiya ta kafa dokar 'yancin zama a 2018 bayan fafutukar mata masu aiki a shagunan tufafi, yayin da irin wannan doka ta fara aiki a Mexico a 2025.