Daga Dodo Zuwa Mai Ba da Labari: Masu Sauya Jinsi a Littattafan Ban Tsoro na Matasan Amurka

A wannan 'yar maƙala za mu duba yadda marubutan labaran ban tsoro a Amurka suka riƙa nuna masu sauya jinsi, watau waɗanda aka haifa maza amma suke jin su mata ne, ko aka haifa mata suke jin su maza ne. Kada mai karatu ya ɗauka 'yan daudu ake nufi, wannan wani abu ne daban.

Tushen abin ba a littattafan matasa yake ba. A shekarar 1957 aka kama wani mutum, Ed Gein, a jihar Wiskonsin, mai kisa da tonon kaburbura. Robert Bloch, wanda ke zaune ba nisa da garin, ya fitar da littafinsa Psycho a 1959, Alfred Hitchcock kuma ya mai da shi fim a 1960. A ciki, Norman Bates kan sa kayan mahaifiyarsa da ta mutu, ya yi kisa. Labarin bai ce shi mai sauya jinsi ba ne, amma abin da ya zauna a zukatan 'yan kallo shi ne namiji cikin rigar mata da wuƙa a hannu. Daga nan sai abin ya zama yayi. Fim ɗin Sleepaway Camp na 1983, wanda aka gina kan yara a sansanin hutu, ya ɓoye sirrinsa har ƙarshe: ashe Angela mai kisan yaro ne da gwaggonsa ta rena a matsayin yarinya. Haka kuma Buffalo Bill na littafin Thomas Harris, The Silence of the Lambs, na 1988, wanda fim ɗinsa ya jawo zanga-zanga a bikin Oscar na 1992.

Abin lura a nan shi ne, a irin waɗannan labarai ba kasafai ake shiga zuciyar mutumin don a ji ta bakinsa ba. Jikinsa shi ne abin firgitarwar, ana ajiye shi sai ƙarshe a yaye zane.

An daɗe kafin al'amarin ya juya. A 2020 Aiden Thomas, wanda shi kansa mai sauya jinsi ne, ya fitar da Cemetery Boys. Jarumin, Yadriel, yaro ne a Los Anjalis daga zuriyar masu hulɗa da matattu. Danginsa sun ƙi yi masa bikin da ake yi wa 'ya'ya maza, sai ya yi abinsa a ɓoye, ya kirawo fatalwa wadda ta ƙi komawa. Littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Amma a ganina Andrew Joseph White ne ya kama bakin zaren. A littafinsa Hell Followed With Us na 2022, Benji ɗan shekara 16 ya tsere daga wata ƙungiyar 'yan tsattsauran ra'ayi da ta saki annoba a duniya, ta kuma sa masa ƙwayar cutar da ke rikiɗa shi ya zama dodo. Watau White bai ƙi tsohon hoton nan na dodo ba, karɓarsa ya yi, ya ba dodon baki. Mai karatu yana cikin fatar Benji yayin da take saɓulewa, kuma tsoronsa na waɗanda suka rene shi ne. A 2023 ya sake fitar da The Spirit Bares Its Teeth, inda ya koma Landan ta 1883, aka kulle Silas Bell, mai burin zama likitan fiɗa, a wata makarantar gyaran 'yan mata da ɗalibanta ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.