Ciwon Jiki: Yadda Ake Gano Musabbabinsa da Magance Shi a Asibiti

Ciwo alama ce da ke nuna cewa akwai matsala a wani sashe na jiki. Saboda haka aikin farko na ma'aikacin lafiya shi ne gano musabbabinsa kafin ya rubuta magani. Ciwon kai, ciwon baya, ciwon gaɓoɓi da ciwon ciki suna daga cikin abubuwan da suka fi kai jama'a asibiti.

Yadda ake bincike

Ma'aikacin lafiya zai tambayi majiyyaci inda ke yi masa ciwo, da lokacin da ya fara, da ko suka ne ko zugi ko raɗaɗi. Akan ce ya kimanta tsananinsa daga 0 zuwa 10. Daga nan sai a duba jikinsa, a auna hawan jini da zafin jiki, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro idan akwai zazzaɓi. Ciwon da ya wuce wata 3 ana ɗaukarsa mai daɗewa, kuma yana buƙatar ganin likita.

Alamomin haɗari

A garzaya da majiyyaci babban asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon kai da zazzaɓi da ƙagewar wuya, domin yana iya zama sanƙarau.
2. Ciwon ƙirji da gumi ko sarƙewar numfashi.
3. Ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska ga mai juna biyu.
4. Ciwon baya da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari.
5. Ciwon ƙashi mai tsanani ga mai sikila.

Magani

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku domin masu ciwon daji, wato a fara da magani mai sauƙi, in bai wadatar ba a ƙara mai ƙarfi. Ana amfani da shi ga wasu cututtukan ma. Matakin farko shi ne irin su farasitamol. Kada babban mutum ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a rana, domin yawansa yana lalata hanta. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma suna iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, musamman ga tsofaffi. Yawancin ciwon baya kan yi sauƙi cikin 'yan makonni, kuma motsa jiki daidai gwargwado ya fi masa amfani a kan doguwar kwanciya.

Gargaɗi

Tramadol da kodin suna kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da su. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi Nijeriya. Ana kira ga masu unguwanni, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da su faɗakar da jama'a, musamman manoma da leburori, su guji sayen haɗin ƙwayoyi a hannun masu talla a kasuwa, su kuma duba lambar NAFDAC a jikin kowane magani.