Gidan Alhassan Ɗantata: Gandun da Bai Watse Ba

A Isawane, da sauran ƙauyukan ƙasar Mayahi da Tasawa, kowa ya san abin da ke biyo bayan sadakar arba'in ta maigida. A kira liman da dattawa, a auna gonar gandu, kowane ɗa ya ja tasa, babban rumbun da ke ciyar da gida ya koma ƙananan rumbuna. Rabon gado hakki ne da Allah ya shar'anta, ba mai ja da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda hannuwa ke rabuwa tare da gonar. Wannan ne ya sa nake yawan komawa ga tarihin gidan Alhassan Ɗantata na Kano.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da ke safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta zauna, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta raine shi, daga nan sunan ya bi shi. Maraya ne ya kafa gidan nan, kuma ina ganin maraicin ne ya koya masa tsoron watsewar iyali.

Da goro ya fara. Yayin da sauran fatake ke kwashe watanni a hanya da jakuna, shi sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, Turawa suka buɗe ido a kan gyaɗa, ya riga ya mallaki abin da ba su da shi: yaran gida da dillalai da suka san kowane ƙauye, da amanar manoma. Ya zama babban mai saye wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya shiga cikin UAC. Yakan bai wa wakilansa kuɗi tun kafin kaka, su kuma su kawo buhuna, har aka riƙa jera su dala-dala a Kano ana jiran jirgi. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa. Duk da haka shaidar da aka yi masa ita ce tsantseni: mai lissafin kowane anini, marar son almubazzaranci.

Cikin dalar nan akwai gumin iyayenmu. Kafin a kafa kamfanin sayen gyaɗa na Nijar, SONARA, a 1962, gyaɗar Maraɗi da Tasawa mai yawa ta Kano take bi ta kai teku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin dalar da idonsa ba, amma duk sa'ad da ya ga ɗayanmu yana wasa da hatsi a bakin rumbu sai ya ce, "Kai yaro, ko Ɗantata ba ya zubar da ƙwaya." Muka girma muna ɗauka wani dattijon dangi ne da ba mu taɓa gani ba.

A 1955 ciwo ya kwantar da Alhassan. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bar kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya mutu. Ya rasu ranar 17 ga Agusta na shekarar, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. An raba gado yadda shari'a ta ce, amma kamfanin ya tsaya da ƙafarsa. Ɗansa Ahmadu ya shugabance shi har rasuwarsa a 1960, sai ƙaninsa Aminu ya karɓa.

Ba wai kowa ya ci gaba da ci daga tukunya ɗaya ba ne, kuma a nan hikimar take. A cikin 'ya'yan Alhassan, Sanusi ya bunƙasa nasa kasuwancin, ya kuma zama jigo a ɗariƙar Ƙadiriyya tare da Shehu Nasiru Kabara. Mamuda ya shiga harkar jigilar alhazai, kuma daga sunan ƙungiyarsa ne unguwar Wapa ta Kano ta samo sunanta. Kowa da gayaunarsa, gandun kuwa yana nan.

Jarrabawa ta zo a shekarun 1970. Farin 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka share dalar daga Kano, kamar yadda suka karya manomanmu a nan. Gidajen attajirai da dama sun tafi tare da gyaɗar. Wannan gida kuwa ya shiga gine-gine, da kamfanin Dantata & Sawoe mai shimfiɗa hanyoyi, da sufuri, da harkar man fetur.

Wasiyyar ta fi bayyana a kan wani marayan. Aliko Ɗangote, ɗan Hajiya Mariya 'yar Sanusi, ya rasa mahaifinsa a 1965 yana ɗan shekara 8. Kakansa Sanusi ya ɗauke shi ya raine shi, kawunsa kuma ya ranta masa jarin da ya fara kasuwanci da shi a 1977. Matatar mansa ta Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a 2023.

Alhaji Aminu ya riƙe amanar mahaifinsa shekara 65. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne.