Damben Fagge da Sabon Gari da Muhawarar 'Yan Kallo kan Bugun Kai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe a Kano ya san irin gardamar da kan ɓarke a tsakanin 'yan kallo idan aka buge wani shahararren ɗan wasa, ya faɗi, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Wasu kan ce lallai ya dawo gobe ya rama, domin kada sunansa da na ɓangarensa su zube. Wasu kuwa kan ce a bar shi ya huta, idanunsa ba su koma daidai ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan gardama, ta duba yadda sauyin da dambe ya samu a yankin Fagge da Sabon Gari ya ƙara mata nauyi, sa'an nan ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da abin da likitoci suka gano game da ƙwaƙwalwar wanda ake yawan bugu a ka. Za a kuma waiwayi ƙwallon Amurka, inda aka yi irin wannan muhawara a bainar duniya, don a ga ko akwai abin da za mu ɗauka.

2.0 Dambe a Tsohon Tsari

Dambe wasa ne da aka fi sanin rundawa da shi, watau mahauta. A bisa al'ada lokacinsa kaka ne, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da ƙauyuka ke da hatsi da kuɗin kashewa. 'Yan dambe kan tashi ƙungiya-ƙungiya tare da makaɗansu, su bi gari-gari, su yi fawa da rana, su shiga fage da la'asar. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare ya zama mashinsa, ya bar ɗayan a buɗe ya zama garkuwa. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. Idan an cika turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su.

Daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta game da damben Kano akwai na Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen da ya sauka birnin a watan Janairu na 1824, aka buga labarin tafiyarsa a Landan a 1826. Ya ce ya ji labarin 'yan damben ƙasar Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 don a yi wasa a ƙofar masaukinsa. Suka zo da ganguna, mahautan gari na biye da su, jama'a suka bar harkokinsu suka taru. Abin lura a nan shi ne Clapperton ya hana a yi damben gaske, domin an shaida masa cewa sau da yawa wasan kan kai ga mutuwar ɗayan 'yan wasan. Ji ya yi, bai gani da idonsa ba, kuma mai yiwuwa ne masu ba shi labari sun ƙara gishiri. Duk da haka maganar ta nuna cewa shekaru 200 da suka wuce mutanen Kano sun san dambe na iya ɗaukar rai, kuma suna faɗa.

Akwai abubuwa biyu a tsohon tsarin da suka kare ɗan dambe, ko da ba da wannan nufi aka yi su ba. Na farko shi ne ƙa'idar kisa. A damben Turawa, bisa dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867, wanda ya faɗi yana da daƙiƙa 10 ya miƙe ya ci gaba, saboda haka ana iya kayar da mutum sau biyu ko uku a dare ɗaya, kowane bugu yana sauka a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta jigata. A damben gargajiya faɗuwa ɗaya ta wadatar. Na biyu shi ne damina. Da ruwa ya sauka sai a kwance zare a koma gona, jiki ya samu hutun watanni kafin wata kaka.

3.0 Shigowar Dambe Wajen Ganuwa

Fagge tsohon zango ne a bakin ganuwar Kano, inda ayarin Azbinawa da sauran fatake kan sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 don baƙin da suka zo aikin gwamnati da na kamfanoni, akasarinsu daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Cinikin gyaɗa ya jawo leburori da 'yan ci-rani masu karɓar lada a hannu, waɗanda ba su da gona a kusa, kuma suna neman inda za su huta da yamma. Wannan ne ya sa wuraren nishaɗi na biyan kuɗi suka taru a wajen ganuwa. An buɗe silimar Rex a Sabon Gari a 1937, daga baya aka yi Plaza a Fagge, ga kuma filin ƙwallo na Sabon Gari. Har ila yau babbar mayankar Kano tana cikin wannan yanki, inda mahauta ke haɗuwa kullum. Ashe ke nan ba abin mamaki ba ne dambe ya samu mazauni na dindindin a nan, har dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari ya zama ɗaya daga cikin sanannun gidajen dambe na Arewa.

Da dambe ya shiga gida mai ƙofa, abubuwa da dama suka sauya. Ɗan kallo ya zama mai biyan kuɗin shiga, yana ganin yana da hakkin a nuna masa gwanin da ya zo dominsa. Ɗan wasa ya zama mai sana'a, abincinsa da na iyalinsa na fitowa daga kason ƙofa da kyautar masoya. Aka karkasa 'yan wasa ɓangare-ɓangare, kamar Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane da magoya bayansa da makaɗansa, ta yadda faɗuwar mutum ɗaya kan zama abin gori ga jama'a guda. Mafi muhimmanci, wasan ya daina jiran kaka. Ana yin sa rani da damina, wani lokaci safe da yamma, kuma ɗan wasa na iya barin Kano yau ya sa zare a Kaduna ko Abuja ko Legas jibi. Ƙa'idar kisa ta tsira, amma hutun damina ya tafi, kuma ba a kawo wani abu a madadinsa ba.

4.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu goyon bayan a bar ɗan dambe ya dawo fage nan da nan suna da hujjoji uku da aka fi ji. Suna cewa dambe gadon jarumta ne, wanda ya shige shi ya san abin da ya shiga, kuma ba a tilasta masa ba. Suna kafa misali da mazan jiya irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda waƙoƙin Ɗan'anace suka sa sunansu bai ɓace ba, su ce ba a ji sun nemi hutu don an buge su ba. Suna kuma cewa hana shi wasa hana shi abinci ne, tun da ba albashi gare shi ba. Wasu kan ƙara da cewa kwana idan ya ƙare ko a kan gado mutum yake zai tafi, kuma ɗan dambe yana da layunsa da taurinsa.

Ɗaya ɓangaren ya fi dogara da abin da ido ya gani. Masu wannan ra'ayi kan ce wanda aka sumar sau ɗaya ya fi saurin faɗuwa a karo na gaba, har a riƙa cewa haƙarƙarinsa ko muƙamuƙinsa ya mutu. Sukan nuna tsofaffin 'yan wasan da ake shirya wa ajo, wasunsu harshe ya yi nauyi, hannu na rawa, mantuwa ta yi yawa tun ba su tsufa ba. Game da ƙaddara kuwa, amsarsu ita ce addini bai hana bin sababi ba, kuma ya hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Idan aka lura, hujjar 'yanci da masu ra'ayin farko ke kawowa tana da rauni guda. Wanda aka bugi ƙwaƙwalwarsa shi ne mafi ƙarancin cancantar yanke hukunci a kan lafiyarsa a wannan lokaci, domin gaɓar da zai yi tunanin da ita ce ta samu rauni. Daɗin daɗawa ba a cikin shiru yake yanke hukuncin ba. Kalangu na kiran sunansa da na ubangidansa, maroƙa na zuga shi, masoya na ɗaga kuɗi, abokan hamayya na yi masa ihu. Ɗan kallo, wanda ke ganin kansa a gefe yake, yana cikin masu tura shi.

5.0 Abin da Likitoci Suka Gano

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ya sauka a haɓa ko a gefen kai, kan yakan juya da sauri, ƙwaƙwalwar ta girgiza, zaruruwan jijiyoyinta su miƙe fiye da kima. Wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa. Alamunta sun haɗa da jiri, da ciwon kai, da amai, da tangaɗi, da rashin tuna abin da ya faru. Yawancin masu samunta ba sa suma, saboda haka miƙewar mutum ba shaidar lafiyarsa ba ce. Ƙwaƙwalwa na bukatar kwanaki ko makonni kafin ta daidaita, kuma bugu na biyu a cikin wannan tsakani ya fi na farko haɗari. Akwai kuma zubar jini a cikin ƙoƙon kai, wadda kan bar mutum ya yi magana ya ci abinci, sa'an nan ya sulale bayan sa'o'i.

Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana lalurar tsofaffin 'yan damben Turawa masu tangaɗi kamar mashaya. Nijeriya ma ta ɗanɗana. A watan Yuni na 1982 ɗan dambenmu Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan, aka buge shi a turmi na shida, ya shiga doguwar suma, ya rasu bayan watanni. A cikin wannan shekara Duk-koo Kim na Koriya ta Kudu ya mutu bayan karawarsa da Ray Mancini, abin da ya sa aka fara rage turamen gasar duniya daga 15 zuwa 12.

Wanda ya kai maganar cikin ƙwallon Amurka kuwa ɗan Nijeriya ne, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra. A 2002, yana aiki a birnin Pittsburgh, ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewar tunani. Ya sami wani sinadari mai suna tau ya taru a ƙwaƙwalwarsa, ya buga sakamakon a 2005, aka san cutar da CTE. Likitocin hukumar wasan, watau NFL, suka nemi a janye takardar, amma binciken baya ya gaskata shi. A 2017 masana a Jami'ar Boston suka ba da rahoton samun cutar a ƙwaƙwale 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL. Wajibi ne a faɗi cewa iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi ba da gawarwakin, don haka adadin ba ya wakiltar dukkan 'yan wasa.

Misalin da ya fi kama da na gidan dambe shi ne na Tua Tagovailoa, mai jefa ƙwallo kuma jagoran harin ƙungiyar Miami Dolphins a lokacin. Ranar 25 ga Satumba, 2022, kansa ya bugi ƙasa, ya miƙe yana tangaɗi, amma aka mayar da shi wasa. Bayan kwana huɗu, a Cincinnati, aka sake maka shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. A watan Oktoba aka gyara doka, aka ce duk wanda aka ga yana tangaɗi ba zai koma wasa a ranar ba. Da ya sake samun girgizar a Satumba na 2024, masoya suka rabu biyu, wasu na roƙonsa ya yi ritaya, wasu na cewa ransa ne, a bar shi ya zaɓa. Hujjojin su ne dai waɗanda ake ji a Sabon Gari, sai dai shi yana da kwantiragin miliyoyin daloli da likitoci a bakin fili, ɗan dambenmu kuwa ba shi da ko ɗaya.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa hutu bayan bugu ba baƙon abu ba ne ga dambe, domin tsarin kaka da damina ya tanade shi tun asali, zaman birni ne ya kawar da shi. Don haka mai kiran a dawo da shi ba za a zarge shi da kwaikwayon Turawa ba. A damben zamani, wanda aka sumar galibi ba a barinsa ya hau dandamali sai bayan wata guda ko fiye. Sarakunan dambe da shugabannin ɓangarori suna da ikon da za su kafa irin wannan ƙa'ida, amma ba za ta yi aiki ba sai da sharaɗi biyu. Na ɗaya, gidajen dambe na garuruwa su riƙa sanar da juna, don kada wanda aka dakatar a Kano ya ɓulla a wani gari. Na biyu, a ware wani kaso daga kuɗin ƙofa don ciyar da shi a kwanakin hutun, kamar yadda ake haɗa ajo, in ba haka ba yunwa za ta mayar da shi fage. Sa'an nan duk wanda ya yi amai ko ya rikice bayan faɗuwa a kai shi asibiti a daren, tun da Kano na da asibitin koyarwa mai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Ga ɗalibai masu neman abin bincike, akwai aiki a nan da ke jiran mai yi. Tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu suna nan da rai a Fagge da kewayenta. Ya kamata a zauna da su, a rubuta yawan karon da suka yi, da sau nawa aka sumar da su, da kalmomin da suke kiran waɗannan raunuka da su, da yadda lafiyarsu take a yau, tun kafin mantuwar da muke magana a kanta ta riga mu zuwa gare su.