Daga Masaukin Baƙi Zuwa Ɗakin Majinyaci: Tarihin Jinyar Ƙarshen Rayuwa

Akwai maganar da likitoci suka daɗe suna faɗa wa dangin wanda ciwonsa ya ƙi jin magani: an yi iyakar ƙoƙari, babu sauran abin yi. Daga nan sai a sallame shi, ya je ya ƙarasa kwanakinsa cikin azaba. Fannin kiwon lafiya da ake kira kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ya samo asali ne daga ƙin yarda da wannan magana. Tarihinsa kuwa ya nuna cewa ko da yake a cikin gini aka haife shi, a gidajen mutane ya fi yin amfani.

Kalmar "hospis" ta fito ne daga wata kalmar Latin da ke nufin baƙo, kuma take nufin mai masauki. A Turai ta dā, hospis masauki ne da 'yan coci ke buɗe wa matafiya da masu ziyarar ibada da marasa galihu. Sai a ƙarni na 19 aka fara keɓe irin waɗannan gidaje ga masu ciwon ajali. A farkon shekarun 1840, wata matashiya mai suna Jeanne Garnier, wadda ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu, ta tara mata irinta suka buɗe gida ɗaya a birnin Liyon na Faransa. Matan coci 'yan ƙasar Ailan suka buɗe wani a Dablin a 1879, sannan St Joseph's a gabashin Landan a 1905. Gidajen sun ba da gado da abinci da addu'a, amma ilimin magance zafin ciwo bai yi nisa ba. A yawancin asibitoci, ba a yi wa majinyaci allurar mofin sai ya kai ga kururuwa, saboda tsoron kada jikinsa ya saba da ita.

Wadda ta sauya wannan al'ada ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila, haifaffiyar 1918. Ta fara da aikin nas, ciwon baya ya tilasta mata komawa aikin kula da walwalar majinyata. A wannan aiki ta haɗu da David Tasma, Bayahude daga Polan, wanda cutar daji ta ci ƙarfinsa yana da shekara 40. Sun yi ta tattauna irin wurin da ya dace mutum ya cika a cikinsa. Da ya rasu a 1948, ya bar mata fam 500, ya ce ta yi taga da su a gidan da za ta gina. Da ta ga likitoci ba za su saurari wanda ba likita ba, sai ta shiga karatun likita tana da shekara 33, ta kammala a 1957.

A St Joseph's, inda ta fara aiki a 1958, ta tabbatar da abubuwa biyu. Na farko, a riƙa bai wa majinyaci maganin raɗaɗi ta baki, a kan ƙa'idar agogo, kafin zafin ya dawo. Ta haka ba ya zama cikin fargabar ciwo, ba ya roƙon magani, kuma yakan kasance cikin hayyacinsa. Na biyu, ta naɗi hirarrakin majinyata, ta fahimci cewa zafin jiki a haɗe yake da tsoro, da tunanin halin da iyali za su shiga, da tambayoyin da mutum ke yi wa kansa game da imaninsa. Ta kira wannan "raɗaɗi gaba ɗaya", ta ce duk sai an kula da su tare, har da dangin da za a bari.

A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan da gadaje 54, wurin da ya haɗa jinya da koyarwa da bincike. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1969, ma'aikatansa suka fara bin majinyata gida, domin da yawansu sun fi son su kasance cikin iyalansu. A Kanada kuma, likita Balfour Mount ya buɗe sashe irin wannan a cikin babban asibiti a Montiriyal a 1975. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na magance raɗaɗin cutar daji a 1986, Birtaniya ta amince da fannin a matsayin ƙwarewar likita a 1987.

Babban gwaji ya zo ne a ƙasashen da ba su da kuɗin gina irin St Christopher's. An kafa Island Hospice a Harare a 1979, aikinsa kuma ya ginu a kan ziyarar gida. A 1993, lokacin da ƙanjamau ke ɗibar rayuka a Yuganda, likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala. Ta riƙa haɗa garin mofin da ruwa da sinadarin hana lalacewa, a ɗura a gorunan roba, a kai wa majinyaci har shimfiɗarsa. Da yake likitoci sun yi ƙaranci, a 2004 gwamnatin Yuganda ta ba nas-nas da jami'an lafiya masu horo na musamman ikon rubuta wannan magani. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, asibitin da su likita M. R. Rajagopal suka fara a Kalikut a 1993 ya haifar da tsarin da dubban 'yan sa-kai na unguwa ke gano marasa lafiya, su ziyarce su, su tara musu gudummawa, yayin da nas da likita ke kewayowa. Jihar ta mai da wannan manufar gwamnati a 2008.

Duk da haka, aikin da sauransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 ne ke samunta. Mofin ba shi da tsada. Abin da ke tare shi shi ne tsauraran dokoki, da tsoron da ya kama ma'aikatan lafiya, da rashin horo.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Hausa, zaman jinya da zuwa dubiya tsofaffin al'adu ne, kuma galibin masu dogon ciwo a hannun danginsu suke. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne maganin da zai bar majinyaci ya yi barci, da ƙwararren da zai leƙo ya nuna wa 'yar jinya yadda ake juya shi da wanke masa gyambo. Kampala da Kalikut sun nuna cewa ana iya samar da waɗannan biyu tun kafin a aza tubali ko ɗaya.