Ɗinya a ƙasar Maraɗi: itacen fadama da ke janyewa kudu

Ɗinya, wadda ake kira ɗumniya a wasu sassan Nijar, doguwar itaciya ce mai ganye biyar-biyar a kan sili ɗaya, kamar yatsun hannu. Ƴaƴanta kore ne da fari, su koma baƙi wuluk idan sun nuna. A shekarun 1820 masanin tsirrai na Ingila Robert Sweet ya raɗa mata sunan Vitex doniana, don girmama George Don, wanda ya tattara tsirrai a Saliyo a 1822. An daɗe ana lissafa ta a wani dangi dabam, kafin binciken shekarun 1990 ya mayar da ita dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya.

Tun kafin sukari ya wadata a kasuwanni, ɗinya na cikin abin da ke ba Bahaushe zaƙi. Mata sukan jiƙa nunannun ƴaƴan, su murje, su tace, su ɗora ruwan a wuta har ya yi kauri ya zama maɗi. Idan aka ƙara masa wuta sai ya kai ga alewa. J. M. Dalziel ya ambaci wannan sana'a a littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Tohon ganyen, wato ɗinkin, ana dafa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma yakan fito ne a daidai lokacin da hatsi ya fara ja baya a rumbu. Wannan, fiye da zaƙin ƴaƴan, shi ne babban alherinta ga talaka. Malaman allo suna dafa tawada da ganyenta haɗe da ƙaro. Masassaƙa na son icenta saboda rashin nauyi, suna fafe ganga da kujera, masu zuma kuma suna rataya amya a rassanta don ƙudan zuma na bin furenta. A maganin gargajiya ana shan saƙe-saƙinta don gudawa da shawara.

Sai dai ɗinya itacen ruwa ce. Tana son damina mai kai milimita 750 ko fiye, alhali abin da garin Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, ke samu a shekara kusan rabin haka ne. Garin, wanda Faransawa suka kafa bariki a cikinsa a 1947, yana dab da iyakar noma da dokar 1961 ta shata tsakanin manoma da makiyaya. A irin wannan ƙasa ɗinya ba ta rayuwa a kan tudun jigawa, sai a kwari inda saiwa ke iya taɓa ruwa. Gidanta na sosai yana kudancin jihar, wajen Madarumfa da gulbin Maraɗi.

Farin 1973 da na 1984 sun yi wa itatuwan yankin mummunar ɓarna, gatari da sarar ganye don dabbobi suka ƙara. Daga 1983 masanin aikin gona Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara renon tohon kututture a gonaki, dabarar da ta dawo da gawo da kalgo da sabara a faɗin jihar. Ɗinya ba ta ci moriyar wannan kamar su ba, domin ƙwallonta mai tauri ne, yana jinkirin tsira, kuma awaki ba sa ƙyale ƙaramar shuka. Dawo da ita arewa sai an dasa a bakin tafki ko lambu, an kewaye da shinge, an yi ta ban ruwa har saiwar ta nutsa.