Kuɗin Udoji: da aljihu ya cika, me muka saya?

Jama'a, duk lokacin da aka taso da zancen ƙarin albashi, sai in tuna da Udoji. Ban ga zamanin ba, amma dattawan da na tarar a ofis ba su gajiya da ba da labarinsa.

A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa kwamiti ƙarƙashin Jerome Udoji don ya gyara aikin gwamnati. Kafin ya miƙa rahoto a 1974, yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ya sa gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa wajen dala 12. Kuɗi ya shigo kamar ambaliya. Rahoton ya yi magana kan horo da auna ƙwazon ma'aikaci, amma albashi kawai kunnuwa suka ji. Na ƙananan ma'aikata ya ninka, aka kuma biya ariyas tun daga Afrilun 1974.

To me aka yi da kuɗin? Rediyo, firji, talabijin, babur, mota. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. 'Yan kasuwa ai ba barci suke ba: a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Manomi da bai karɓi ko kwabo ba, shi ma da sabon farashin ya yi cefane. Matasa suka ajiye fartanya suka nufi birni. Fari da cutar gyaɗa suka haɗu da wannan, dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi.

Ita ma gwamnati haka ta yi. Aka yi odar siminti tan miliyan 20, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a tashar Legas, ana biyan su kuɗin jira, simintin na daskarewa. Zuwa 1982 mai ya faɗi, Shagari ya ce a tsuke bakin aljihu. Kuɗin ya tafi, kwaɗayin ya zauna.

Kar a yi mini mummunar fahimta. Ni ma albashi nake jira, na kuma san naira 70,000 ba ta kai magidanci ƙarshen wata. Haƙƙin ma'aikaci a biya shi. Amma yunwa daban, gasa daban. Lefe akwati goma sha biyu, waya ta bashi, ankon biki duk wata, waɗannan ba yunwa ce ta kawo su ba, idon mutane ne.

Cikin dattawan nan, waɗanda na ga sun yi ritaya hankali kwance su ne suka sa Udojinsu a fili, gona da karatun 'ya'ya, suka riƙe zumunci. Firjin kuwa tuni 'yan gwangwan suka auna shi a sikeli.

In ƙari ya zo gobe, wa za mu burge da shi, kuma har yaushe?

Allah Ya ba mu wadatar zuci.